Yadda Ake Gina Sana'ar Fitowa A Uba, Malam Ko Mugu A Wasan Kwaikwayo

Yawancin matasan da ke shiga ƙungiyoyin wasan kwaikwayo a Maraɗi da burin zama jarumai suke shiga, wato su zama waɗanda labari ke zagayawa a kansu, ake kuma sa hotonsu a gaba. Amma duk wanda ya ƙirga mutanen da ke cikin fim guda zai tarar jarumi ɗaya ne ko biyu, sauran kuwa uba ne da uwa, da liman, da maigari, da dillaliya, da maigadi, da uwar miji, da ɗan kamasho, da mugun kawu mai cin gadon marayu. Waɗannan su ne suke sa mai kallo ya yarda cewa garin da ake nuna masa gari ne na gaske mai mutane a ciki, kuma su ne suka fi daɗewa ana damawa da su, domin jarumta da ƙuruciya take tafiya, alhali kuwa mai fitowa a uba ƙara dacewa yake yi da aikinsa duk shekarar da furfura ta ƙaru masa. Wannan jagora na wanda ya zaɓi wannan hanya ne da gangan, namiji ko mace, yana so ya riƙe ta sana'a har tsufa.

Matakin farko shi ne koyon lura da mutane, kuma a nan ya kamata mai koyo ya fi ɓata lokacinsa. Ɗan wasan da bai iya kallon mutane ba, abin da ya gani a wani fim shi zai maimaita, shi ya sa ake ta ganin alhaji iri ɗaya a finafinai masu yawa: babbar riga, tumbi, tsawa, da watsa kuɗi. Maraɗi gari ne na alhazan kasuwa, saboda haka babu wanda yake da uzurin kwaikwayon alhaji daga fim. Je ka zauna kusa da rumfar wani babban ɗan kasuwa da safe, ka duba yadda yake karɓar gaisuwa. Za ka ga sau da yawa muryarsa ƙasa-ƙasa take, ba ya gaggawar amsa magana, yana jan carbi yana sauraron mai roƙo ba tare da ya dube shi ba, kuma idan zai hana abu ba da bakinsa yake hanawa ba, yaronsa ne zai ce a dawo gobe. Ikonsa a cikin wannan shiru yake, kuma ɗan wasan da ya kama wannan zai tsorata mai kallo fiye da mai tsawa. Haka za ka yi da tashar mota, inda 'yan kamasho suke da tasu tafiya da nasu kiran fasinja, da mahauta, da layin jiran likita a asibiti, da ƙofar fadar Sarkin Katsinan Maraɗi ko ta Sarkin Gobir a Tsibiri, inda za ka ga yadda dogari yake tsayawa, da yadda bafade yake amsa maganar sarki, da nisan da talaka yake tuɓe takalminsa. Mace mai son fitowa a uwar miji ko dillaliya ta fi kowa sa'a, domin gidan biki da gidan suna makaranta ce a buɗe: ta lura da wadda ake miƙe wa idan ta shigo, da wadda take yin magana da habaici tana murmushi, da wadda ba ta cewa komai amma kowa yana satar kallonta kafin ya yanke shawara.

Kada ka dogara da ƙwaƙwalwa kaɗai. Ka riƙe ƙaramin littafi, ko ka riƙa naɗar muryarka a waya bayan ka bar wurin, kana bayyana abin da ka gani: yadda mutumin ya zauna, inda yake ajiye hannuwansa, kalmar da yake yawan maimaitawa, abin da yake yi idan ya ji kunya. Ban ce ka ɗauki hoton mutane ko muryarsu ba da saninsu ba, wannan cin amana ne. Ban kuma ce ka ɗauko mutum guda sukutum ka kai shi dandali yadda duk unguwa za ta gane shi ba, domin wannan tozarci ne, kuma a gari irin namu da kowa ya san kowa, daga unguwar Mokoyo har unguwar Zariya, magana ba ta kwana ba ta isa kunnen mai ita ba. Abin da ake yi shi ne a ɗauki tafiyar wannan, da muryar wancan, da ɗabi'ar wani na uku, a haɗa su su zama mutum sabo wanda kowa zai ce ya san irinsa amma ba wanda zai iya nuna shi da yatsa.

Idan aka ba ka mutumin da za ka fito a matsayinsa, fara da jiki kafin baki. Masu koyo suna gaggawar haddace magana, su manta cewa mai kallo ya riga ya yanke hukunci a kan mutum tun daga yadda ya shigo. Tsoho ba ya zama farat ɗaya, sai ya nemi abin dafawa, ya sauke nauyinsa a hankali, ya yi ajiyar zuciya ko ya ambaci Allah. Manomin da ya shekara arba'in yana duƙe a gona yana da irin tasa tsayuwa, dabam da ta tsohon ma'aikacin gwamnati da ya saba da kujera. Saurayin da aka shafa wa hoda a gemu aka ba shi sanda, yana karkarwa yana tari, ba ya ruɗin kowa, kuma ni a ganina gara darakta ya nemo dattijo na gaske. Idan kuwa dole ce ta sa ka fito a wanda ya girme ka, to rage gudu ya fi ƙara karkarwa amfani: ka jinkirta juyawa, ka jinkirta amsa, ka bar idonka ya isa wurin kafin kanka. Sutura ma tana taimakawa ƙwarai idan ta tsufa a jiki, shi ya sa ya kamata ka tara naka kayan sannu a hankali, hula da ta sha kai, rawani, tsohuwar taguwa, takalmin fata da ya ci ƙasa, ka riƙa sa su a lokacin gwaji har jikinka ya saba da su.

Bayan jiki sai niyya. Kafin kowace fitowa ka tambayi kanka abin da wannan mutum yake so a wannan wuri, da wanda yake so a wurinsa, da abin da yake tsoron ya rasa. Wannan ya fi muhimmanci ga mai fitowa a mugu, domin kuskuren da aka fi yi shi ne ɗan wasa ya riƙa nuna wa mai kallo cewa shi mugu ne, yana zare ido yana dariyar ƙeta. A rayuwa ba a cika samun wanda ya ɗauki kansa azzalumi ba. Uban da ya yi wa 'yarsa auren dole yana ganin mutuncin gidansa yake karewa, ko alkawarin da ya ɗauka yake cikawa. Uwar mijin da ta hana amarya sakat tana jin ɗan da ta sha wahala a kansa ake ƙwace mata. Idan ka riƙe wannan dalili a zuciyarka, ka yi magana kamar mai gaskiya, mai kallo zai ji haushinka da gaske, kuma zai tuna da wani nasa a gida, wanda shi ne amfanin wasan tun asali.

Akwai fitowar da take bukatar ilimi, ba hazaƙa kaɗai ba. Wanda zai fito a malam ko liman lalle ne ya tabbatar da duk ayar da zai ja da duk addu'ar da zai karanta a wurin wanda ya sani, domin mutanen Maraɗi ba sa yafe kuskure a wannan fage, kuma suna da gaskiya. Idan ba ka da tabbas, ka roƙi darakta a sauya maganar zuwa nasiha da Hausa. Haka nan wanda zai fito a Bafulatani, ko Buzu, ko Bazabarme, ya san iyakar da ke tsakanin wasa da cin fuska. Muna da wasan barkwanci na taubasantaka tsakanin al'ummomi, kamar na Gobirawa da Zabarmawa ko na Fulani da Barebari, wanda hukumar UNESCO ta sanya cikin al'adun gado na duniya da sunan Nijar a 2014, amma wannan wasa yana da ƙa'idojinsa da waɗanda suka halatta su yi wa juna shi. Karya harshe kawai don a yi wa wata ƙabila dariya ba ya cikinsa. Marigayi Usman Baba Pategi, wanda duniya ta sani da Samanja, ya daɗe yana ba mutane dariya da Hausar barikin soja, amma shi tsohon soja ne da ya zauna cikin barikin, kuma sojan da yake nunawa mutum ne cikakke mai iyali da fushi da tausayi. Ya rasu a 2023, kuma har yau idan an ce Samanja kowa ya san tsayuwar da ake nufi.

Game da inda za a fara, babu abin da ya kai shiga ƙungiya. Ƙasarmu tana da tsohon tarihi a wannan: bayan hawan Seyni Kountché mulki a 1974 an farfaɗo da samariya, wato ƙungiyoyin matasa na gargajiya, ana gasar matasa ta ƙasa shekara-shekara wadda wasan kwaikwayo yake cikinta, kuma ƙungiyoyi irin ta Yazi Dogo sun shiga gidajen mutane ta rediyo da talabijin na ƙasa. Tsarin da suka bi har yanzu shi ne mafi yawa a wurinmu, wato ba a rubuta kowace kalma, ana dai yarjejeniya a kan ƙashin labari da abin da zai faru a kowace fitowa, sannan kowa ya cika da bakinsa. Wannan tsari yana ba mai fitowa a gefe dama babba, amma yana da tarko. Dole ka san inda fitowarka ta fara da inda za ta ƙare, ka san maganar da abokin wasanka yake jira daga bakinka don labari ya ci gaba, ka kuma ba shi ita a kan lokaci. Wanda ya ji 'yan kallo sun yi dariya ya ƙi sauka, ya ci gaba da zuba har aka manta da labarin, ya ji daɗin daren nan, amma darakta ba zai sake nemansa da ɗoki ba. Sauraro shi ne rabin aikin, kuma sau da yawa abin da fuskarka ta yi lokacin da jarumi yake magana shi ake tunawa, ba abin da ka faɗa ba.

Ka nemi aikin rediyo ko da ba a biya da kyau, domin babu abin da ke gyara murya kamarsa: a can babu riga babu gemu, murya kaɗai za ta nuna shekarun mutum da matsayinsa. Ka karɓi wasannin faɗakarwa da ake kaiwa ƙauyuka kan rigakafi ko karatun 'ya'ya mata, a wajejen Madarunfa, Gidan Rumji, Tasawa ko Mayahi, domin 'yan kallon dandali ba sa ɓoye ra'ayinsu, nan take za ka san ko sun yarda da kai. Amma idan ka zo gaban kyamara sai ka rage duk abin da ka saba yi a dandali. Ɗaga hannu da ɗaga murya da suke isa ga mutumin da ke bayan taro sun yi yawa ga na'urar da ke kusa da fuskarka, wadda take kama ko ƙiftawar ido. Sannan ka kula da abin da 'yan fim suke kira kwantiniti: idan carbi yana hannun dama a ɗauka ta farko, ya zauna a dama a ta biyu, haka karkatar hula da yawan shayin da ke cikin kofi, domin ana iya ɗaukar fitowa guda sau da yawa, wani lokaci ma a ranaku dabam-dabam. Ɗan wasan da yake kiyaye wannan da kansa yana sauƙaƙa wa mai tace hoto aiki, kuma irin wannan labari yana yawo tsakanin masu shirya fim.

Ko ba daɗe ko ba jima zancen Kano zai taso, tunda Katsina, wadda ke kan hanyar zuwa Kano, ba ta kai kilomita 100 daga Maraɗi ba, kuma tun daga 1990 da aka fara finafinan Hausa na bidiyo a Kano can ne babbar kasuwar take. Shawarata ita ce kada ka tafi hannu rabbana. Ka haɗa gajerun fitowa uku ko huɗu da suka bambanta da juna, masu sauti mai kyau, waɗanda za ka iya tura wa darakta ta waya, ka kuma nemi wanda zai gabatar da kai, domin harkar a kan sanayya da ubangida take tafiya. Jihar Kano tana da hukumar tace finafinai tun 2001, wadda take yi wa 'yan wasa rajista, saboda haka ka bi ƙa'idarta, ka kuma riƙe takardunka na shaida a kowace tafiya. A wurin ɗaukar fim, ka gaida manya da sunan girma, Baba ko Malam ko Hajiya ko Mama, kada ka zauna a tabarmarsu sai sun kira ka, kuma idan dattijo ya gyara maka fitowa ka ce na gode ko da ba za ka bi ba. Wani abu kuma da nake so in ja kunne a kai shi ne harshe. Wasu 'yan wasanmu suna isa Kano sai su yi ta ƙoƙarin goge Katsinancinsu ko Gobirancinsu, suna jin kunyarsa. Koyon Kananci yana da amfani, domin zai buɗe maka ƙofofi, amma harshen gida jari ne da 'yan can ba su da shi, kuma ranar da labari ya bukaci bafatake ko dattijon ƙauyen arewa, kai za a nema. Sharaɗi ɗaya ne, kada ka yarda a mayar da harshen iyayenka abin dariya kawai.

Yanzu kuma ana iya yin suna ba a bar gida ba, ta YouTube da TikTok da finafinai masu dogon zango, waɗanda suka ƙara wa masu fitowa a gefe daraja, tunda mutum yana iya shekara yana fitowa a hali guda har masu kallo su saba da shi kamar maƙwabci. Sai dai a nan wata matsala take ɓullowa, wato sunan wasa ya danne sunan yanka. Marigayi Rabilu Musa, wanda ya yi aikin gidan yari kafin ya koma wasa, kaɗan ne suke kiransa da sunansa, Ibro kowa ya sani har ya rasu a 2014. Irin wannan suna arziki ne, domin shi ke kawo aiki da talla da gayyata, amma yana iya zama ƙangi, a daina ba ka komai sai abin da aka saba ganinka a ciki. Hanyar kauce wa haka ita ce tun da wuri, kafin sunan ya kafu, ka riƙa karɓar ƙananan fitowa da suka saɓa wa wadda aka san ka da ita, ko da kuɗinsu bai kai ba. Mai barkwanci ya nemi fitowa guda ta uban da aka yi wa rasuwa, mai fitowa a liman ya gwada ɗan damfara.

Masu fitowa a mugaye, musamman mata, suna da wani nauyi na dabam da ya kamata a faɗa musu tun farko. Akwai masu kallo da ba sa raba mutum da abin da ya fito a ciki. Zalika Souley, wadda take cikin matan farko da suka yi fim a Nijar tun 1966, kuma ta fito a fim ɗin Oumarou Ganda da ya ci babbar kyautar bikin finafinan Afirka na FESPACO a Wagadugu a 1972, ta sha zagi da tsangwama saboda irin matan da take fitowa a matsayinsu, ta kuma yi rayuwar ƙunci a Yamai duk da sunan da ta yi, kafin rasuwarta a 2021. A Kano ma marigayiya Saratu Giɗaɗo, wato Daso, wadda ta rasu a 2024, da fitowar masifaffiyar mace aka fi saninta. Saboda haka kafin ka karɓi irin wannan fitowa ka zauna da iyayenka ko mijinki ko matarka, a fahimci juna, kada su fara jin labari a bakin 'yan unguwa. Sannan ka tsare halinka na zahiri fiye da yadda wani zai tsare nasa, a masallaci da kasuwa da wurin biyan bashi, domin shi ne kaɗai amsar da za ka iya ba masu zargi.

Saura zancen kuɗi, wanda kunya take hana mutane yi, har ta kai su ga nadama. Mai fitowa a gefe ba a biyansa kamar jarumi, kuma galibi a kan yawan fitowa ko yawan kwanaki ake sallamarsa. A 2022 dattijuwa Ladin Cima ta shaida wa BBC Hausa cewa 'yan dubban naira kaɗan ake ba ta a fim bayan shekaru masu yawa tana wasa, wasu masu shirya finafinai suka musanta, aka yi ta muhawara. Ko wane ɓangare mutum ya gaskata, darasin aiki a fili yake: a yi ciniki kafin a kunna kyamara. Ka tambayi fitowa nawa ce, kwana nawa za a yi, wa zai biya kuɗin mota da abinci da masauki, kuma da sefa za a biya ko da naira, domin canji yana iya cinye rabin sallamar kafin ka ƙetaro Jibiya. Ka nemi kafin alƙalami idan tafiya ce mai nisa, kuma idan ba a rubuta takarda ba, aƙalla a yi maganar gaban shaida ko a tura ta a saƙon waya da za ka ajiye. Idan fim mai dogon zango ne da za a ɗora a intanet, ka tambaya tun farko ko sallamar ta zango ɗaya ce, da abin da zai faru idan aka ci gaba.

Kada ka saki sana'ar hannunka saboda fim, ko ɗinki ne, ko koyarwa, ko rumfa a kasuwa, ko gona. Aikin wasa yana zuwa ne a guguwa ya ɗauke, kuma an ga yadda rufe iyaka a 2019 da kuma a 2023 ya tsayar da zirga-zirga tsakaninmu da Najeriya na tsawon watanni. Wanda yake da abin dogaro yana iya ƙin fitowar da za ta zubar masa da mutunci, wanda ba shi da shi kuwa duk abin da aka miƙo sai ya karɓa. Ƙungiya kuma ta kafa asusun taimakon juna ko adashi tun membobinta suna da ƙarfi, a riƙa zuba wani abu daga kowane aiki, a rubuta wanda yake riƙe da kuɗin da sharuɗɗan fitar da su, saboda ciwo da tsufa, don kada a wayi gari dattijon da ya shekara talatin yana faranta wa mutane rai sai an ɗauki hotonsa a gadon asibiti ana nema masa taimako. Daga ƙarshe, ka riƙa karɓar kwafin duk aikin da ka yi, na rediyo da na bidiyo, ka adana a wuri biyu tare da shekarar da aka yi shi da sunayen waɗanda kuka yi tare, domin da shi za ka nemi aiki na gaba, kuma da shi za ka koyar da yaran da za su shigo ƙungiya bayanka.